Chris-Craft: Tarihin Maƙerin Jiragen Shaƙatawa da Gidajen Kan Ruwa

Chris-Craft kamfani ne na Amurka da ke ƙera jiragen ruwa na shaƙatawa, tun daga ƙanana masu gudu har manya na alfarma, kuma akwai lokacin da ya ƙera gidajen da ke yawo a kan ruwa. Mahaifarsa garin Algonac ne a jihar Michigan, a bakin kogin St. Clair, ba nisa da Detroit, cibiyar ƙera motoci ta ƙasar. Wannan maƙwabtaka ta yi masa rana, domin daga masu motoci ya ɗauki dabarun da suka ɗaga shi sama da tsararsa.

An haifi wanda ya kafa shi, Christopher Columbus Smith, a 1861. Mafaraucin agwagwar ruwa ne a fadamun St. Clair, kuma buƙatar farauta ce ta sa ya sassaƙa kwalekwalensa na farko a 1874, yana ɗan shekara 13. A 1881 shi da ɗan'uwansa Henry suka rungumi ƙira a matsayin sana'a. Da injin mai shan fetur ya shigo, Smith ya karkata ga jiragen tsere, a nan kuma sunansa ya fita. Jirginsa Miss Detroit ya ci kofin Gold Cup a 1915. Daga nan ya haɗa hannu da attajiri ɗan tsere Gar Wood, har jirginsu Miss America ya je Ingila a 1920 ya ɗauko kofin Harmsworth. Bayan sun raba gari, Smith ya kafa Chris Smith & Sons a 1922 tare da 'ya'yansa, ba da jimawa ba kuma sunan Chris-Craft ya bi jiragen.

A da, mai son jirgin shaƙatawa sai ya je wurin maƙeri ya faɗi irin wanda yake so, ya zauna jiran watanni, shi ya sa abin ya tsaya a hannun masu hannu da shuni. Iyalan Smith, musamman ɗansa Jay, suka sauya wannan. Suka tsayar da samfura ƙayyadaddu, ana yanka katako a kan ma'auni ɗaya, kowane ma'aikaci da nasa ɓangaren, jirgi na wucewa daga hannu zuwa hannu har a gama. Suka naɗa dillalai a garuruwa, mutum ya shiga shago ya ga jirgi a ajiye, ya taɓa, ya yi ciniki, in ya so ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wannan tsari na dillanci shi ne babban gadon kamfanin, ya ma fi kofunan tsere nauyi, ko da yake kofunan aka fi tunawa.

Abin burgewa shi ne yawan ƙira bai kashe kyau ba. Katakon da suke aiki da shi daga Filifin ake kawo shi, ja ne mai kama da na madaci, ana goge shi a shafe shi da fenti mai ƙyalli shafi bisa shafi har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Kafin ƙarshen shekarun 1920 babu kamfanin da ya kai shi yawan ƙera irin waɗannan jirage a duniya.

Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta girgiza shi, ya tsira da ƙera jirage masu araha. Smith ya rasu a 1939. A Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun suka koma aikin soja, suka ƙera jirage sama da 12,000, ciki har da na sauke dakaru a gaɓar teku. Bayan yaƙi kasuwa ta buɗe sosai, har ana sayar da jirgi a warwatse cikin akwati mai saye ya harhaɗa a gida. A 1959 mujallar Time ta sa hoton Harsen Smith, jikan wanda ya kafa kamfanin, a bangonta. Shekara ɗaya bayan haka iyalin suka sayar da Chris-Craft ga kamfanin NAFI.

Gidajen kan ruwa sun zo ne a ƙarshen shekarun 1960, da sunan Aqua-Home. Manyan madatsun ruwa da gwamnatin Amurka ta gina sun samar da tafkuna masu faɗi marasa igiya, irin su Cumberland a Kentucky da Powell a kan kogin Colorado, iyalai kuwa suna son wurin kwana a kan ruwa fiye da gudu. Aqua-Home ɗaki ne dogo a kan gangar jirgi, da madafa da makewayi da wuraren kwana, ga rufi shimfiɗaɗɗe na shan iska. Ba da katako aka yi jikinsa ba, da roba mai zaren gilashi ne, wadda ake zubawa a ma'auni. Sai dai bai daɗe a kasuwa ba, sana'ar ta fi zama a hannun maƙeran da suka keɓe kansu gare ta, irin na yankin Somerset a Kentucky.

Robar nan ce ta kawo ƙarshen zamanin katako. A 1971 Chris-Craft ya ƙera jirginsa na katako na ƙarshe, samfurin Constellation mai tsawon ƙafa 57. Asara ce ta gaske, domin gwanintar kafintocin da aka tara shekara da shekaru ta rasa wurin aiki, roba kuwa kowane kamfani na iya zubawa.

Daga nan sai sauyin hannu. An sayar da sashen jirage a 1981, ya durƙushe a 1988, kamfanin injuna na OMC ya saye shi a 1989, shi ma ya durƙushe a 2000. Kamfanin zuba jari na Stellican ya farfaɗo da shi a 2001, sannan Winnebago Industries ya saye shi a 2018. Yanzu a Sarasota ta jihar Florida ake ƙera jiragensa. Tsofaffin takardunsa da zanen jiragensa suna gidan tarihin Mariners' Museum a Newport News, jihar Virginia, inda masu gyaran tsofaffin jiragen katako ke aikawa da lambar jirginsu don a binciko musu yadda ya fito daga masana'anta.