Wuni Ɗaya a Birnin Damagaram



Mun yada zango a Tirmini, muka shimfiɗa tabarmi, muka hura wuta, muka kwana a fili. A nan ne Faransawa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Kazmaju a Zinder.

Da sassafe muka shiga Birni. Muka tsaya ƙofar fada, muka gaisa da dogarai. Muka nemi ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, shi da ya sa maƙera suka yi masa igwa, sai guntaye muka iske. Daga nan muka zaga Zango, masaukin fatake da ayarin Abzinawa. Har 1926 Zinder ce babban birnin ƙasa, kafin a koma Yamai.

Ga abin da ya dame mu: cikin yaran da muka tafi da su, babu wanda ya taɓa jin sunan Tanimun. In an manta da sarki irinsa, ina ga waɗanda suka haƙa rijiyar garinmu? Muna roƙon dattawa, ran taron bayan salla, kowa ya zo da labarin kakanninsa, magatakarda zai rubuta. Allah ya ba mu iko.