Ɗumin Sautin da Muka Aro

Matashin da ke haɗa waƙar biki a Karaye ko Rogo a yau, da kwamfuta ɗaya da makirfo a ɗaki, zai iya buɗe hoton wani teburin haɗa sauti wanda ko a birnin Kano da wuya ya taɓa ganin irinsa. Teburin na da tarihi, amma kusan duk a Ingila aka yi shi.

A 1970 kamfanin Rupert Neve ya fitar da wani sashen teburi mai lamba 1073, a 1979 kuma Solid State Logic ya kawo SSL 4000 E. Manyan na'urori ne masu cin ɗaki guda, kuma sai kamfanonin faifai masu ƙarfi ke iya sayensu. Abin da ya sa injiniyoyi suka ƙaunace su shi ne ba sa mayar da sauti yadda suka karɓe shi. Taransifoma da sauran kayan cikinsu na ɗan murɗa murya idan aka matsa musu, su ƙara mata kauri, ga shi kuma babu layi biyu da ke yin daidai da juna. Wannan 'yar tangarɗa ce kunne ya saba da ita har ya raɗa mata suna ɗumi.

Kwamfuta kuwa lissafi take yi, ba ta ƙari, ba ta ragi. Da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba da damar jona ƙananan manhajoji a cikin babbar manhajar ɗaukar sauti, sai ƙofa ta buɗe. Masana suka riƙa auna tsoffin tebura suna mayar da halinsu lissafi. A 2006 Waves ya fitar da kwaikwayon SSL 4000 da amincewar masu shi. Tangarɗar da injiniyoyi suka yi shekaru suna yaƙa ta zama haja.

Hanyarmu daban ce. Yawancin masu sauraro sun san muryar Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ne ta Rediyon Kaduna da kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, fiyanon Yamaha PSR ne ya mamaye situdiyoyin Kano, daga nan aka tsallaka zuwa kwamfuta da FL Studio. Zamanin babban teburi ya fi shafar Legas, inda Paul McCartney ya ɗauki yawancin faifansa Band on the Run a situdiyon EMI a 1973.

Ban ga laifin aron ba; manhajar na gyara murya, kuma ta rage tazarar da ke tsakanin Rogo da Landan. Sai dai an gina sunan waɗannan tebura ne a kan jita da gangunan Turai. Kalangu, wanda amonsa ke hawa da sauka da matsin tsarkiya, ba ya cikin saitin da manhajar ke zuwa da shi, don haka mai haɗawa sai ya dogara da kunnensa. Ɗumin da namu kunnen ya saba da shi kuwa yana cikin tsoffin kaset, waɗanda zafi da ƙura ke cin zarensu a shaguna da akwatunan gidaje.