Daren da Sarki Tagama ya kwana bai tashi ba



Matasanmu da yawa na son littattafai da finafinan bincike, irin waɗanda ake tsintar gawa da asuba a shiga neman wanda ya yi kisan. To, mu nan Agadez ba sai mun aro na wata ƙasa ba. Namu yana nan a gida, ya haura shekara ɗari.

A Disambar 1916 Kawsan ya iso Agadez da mayaƙansa, da goyon bayan Sanusiyya, suka yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Sarkin Abzin na lokacin, Abdurrahman Tagama, yana tare da shi. Gidan da muke kira Hôtel de l'Aïr a yau, nan ne masaukin Kawsan. Ranar 3 ga Maris 1917 sojan taimako suka iso daga Damagaram, aka karya ƙawanyar. Abin da ya biyo baya tsofaffi ba su manta ba: an karkashe mutanen gari, har da malamai da dama.

Kawsan da Tagama suka fice. Shi Kawsan an rataye shi a Murzuk, cikin Libiya, a farkon 1919. A wannan shekarar aka kama Tagama, daga baya aka maido shi Agadez, garin da ya mulka, aka sa shi a kaso yana jiran shari'a.

Shari'ar ba a yi ta ba. A daren 29 wayewar 30 ga Afrilu 1920 sarki ya rasu a ɗakin da yake tsare. Maganar farko da hukuma ta fitar ita ce wai shi ya kashe kansa. Amma masu binciken tarihi sun nuna kashe shi aka yi, kuma sun ɗora alhakin a kan kwamandan Agadez na wancan lokaci, kyaftin Vitali.

To, nan ne aikin marubuci yake farawa. Me ya sa aka ƙi bari mutumin ya tsaya gaban alƙali? Me ake tsoron ya faɗa? Shi fa mai gadin da ke riƙe da makulli a daren, da ya koma gida me ya gaya wa matarsa? Tafintan da aka sa ya sanar da gari cewa sarki ya kashe kansa, da wane ido ya dubi mutane? Takardun Nasara ba su damu da irin waɗannan mutane ba. Labarin ƙirƙira shi ke iya shiga zuciyarsu.

Amma fa da sharaɗi. Wanda zai rubuta, ya ƙirƙiri mai gadinsa da tafintansa yadda ya ga dama, sai dai kada ya taɓa kwanan wata, kada ya ɗora laifi a kan wani gida na garin nan ba hujja. Jikokin mutanen wancan zamani suna nan, da su muke haɗuwa a kasuwa da masallaci.

Kafin nan, wanda yake da tsoho a gida ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi abin da ya ji daga bakin kakanninsa game da wannan dare. Ya ɗauka a waya, ya adana.

Allah ya jiƙan Sarki Tagama da duk waɗanda suka rasu a wancan zamani.