Gammo a Kafaɗar Soja: Yaƙin Hitila Tsakanin Libreville, Zariya da Kanbera

Libreville na cikin biranen Afirka ƙalilan, kudu da Sahara, da aka gwabza a bakin ƙofarsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila. Duk da haka, in mutum ya zauna a majalisar Hausawan Derrière la Prison, unguwar da ke bayan babban gidan yarin birnin, hirar da zai ji ba ta wuce farashin kaya a kasuwar Mont-Bouët, da wahalar sabunta katin zama, da labarin gida, Maraɗi ko Kano ko Garwa. Da wuya a ambaci Nuwamban 1940. Ko a Kaduna da Zariya haka abin yake, alhali can ne aka kwashi dubban samari aka kai su dazuzzukan Bama.

Hujjar wannan maƙala ita ce, wannan shiru ba daga ƙarancin abin faɗa ya taso ba. Ya taso ne daga irin abin da aka zaɓa a adana. An adana mana sunayen fagagen daga da na janar-janar, aka bar rayuwar kurtu ta yau da kullum, abincinsa da dakonsa da wasiƙarsa da halin da ya bar matarsa, ta bi shi kabari. Na ɗauki Ostireliya a matsayin ma'auni domin ita ce ƙasar da ta yi akasin haka da gangan, kuma domin hanyarta da tamu sun haɗu a yaƙin fiye da yadda ake zato.

A fara da haɗuwar. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a Yunin 1940, ƙasashen da Faransa ke mulka suka rabu biyu: masu biyayya ga gwamnatin Vichy da masu bin Janar de Gaulle. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi de Gaulle ranar 26 ga Agusta, Kamaru da Brazzaville suka biyo baya cikin kwana biyu. Gabon ta yi kamar za ta bi, sai ta janye. A ƙarshen Satumba de Gaulle da Ingila suka kai wa Dakar hari ta ruwa, suka sha kaye, kuma cikin jiragen da suka yi ɓarin wuta a wurin har da HMAS Australia na rundunar ruwan Ostireliya. Bayan wannan kaye ne de Gaulle ya juyo kan Gabon. Dakarunsa suka karɓe Mitzic a ƙarshen Oktoba, a lardin Woleu-Ntem inda fatake Hausawa suka daɗe da kafa zango, suka karɓe Lambaréné ranar 5 ga Nuwamba. Ranar 9 ga wata jiragen yaƙi biyu, Savorgnan de Brazza da Bougainville, ƙira ɗaya, ƙasa ɗaya, suka yi wa juna luguden wuta a gaban Libreville har Bougainville ya nutse. Port-Gentil ta miƙa wuya ranar 12, Gwamna Georges Masson kuma ya kashe kansa bayan 'yan kwanaki.

Littattafan Faransa kan kira wannan faɗan 'yan'uwa, Bafaranshe da Bafaranshe. Gaskiya ne ta fuskar hafsoshi. Amma da yawa daga masu riƙe da bindiga a ɓangarorin biyu baƙar fata ne, waɗanda ba a shawarce su ba kan Vichy ko de Gaulle. Masanin tarihi Eric Jennings, a littafinsa na 2014 kan Faransa mai 'yanci a Afirka, ya nuna cewa a shekarunta na farko ƙasa da sojoji da dukiyar wannan tafiya duk na Afirka ne, kuma roba da zinaren da suka ciyar da ita da aikin tilas aka tono su. Haka aka sake yi a Siriya da Labanan a Yuni da Yulin 1941, inda Runduna ta 7 ta Ostireliya ta kara da sojan Vichy, cikinsu akwai bataliyoyin 'yan Afirka ta yamma da ake kira tirailleurs sénégalais, ko da yake ba duka 'yan Sanagal ba ne.

Ƙasar Hausa kanta sai da wannan rabuwa ta ratsa ta. Nijar ta zauna ƙarƙashin Vichy har Nuwamban 1942, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila, saboda haka a takarda Bakatsine da Bamaraɗe, waɗanda watakila kakansu ɗaya, sun zama talakawan gwamnatoci biyu masu zaman doya da manja. Kano ta zama zangon jiragen saman da ake harhaɗawa a Takoradi, su bi ta Maiduguri da Fort-Lamy da Khartum zuwa Masar.

Sai kuma 15 ga Fabrairun 1942, ranar da Singafo ta faɗa hannun Japan. Ga Ostireliya ranar baƙin ciki ce, domin sojojinta kusan 15,000 aka kama fursuna, kuma kwana huɗu bayan haka jiragen Japan suka yi wa Darwin ruwan bama-bamai. Ga talakan Arewa kuwa, faɗuwar Malaya na nufin Ingila ta rasa kuzar da take dogaro da ita, sai ta waiwayo Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna: ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa tara manoma ana kai su haƙar kuza a kan tudun Filato, cikin sanyin da ba su saba ba, ga ƙarancin abinci da muhalli. Bill Freund ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1981 kan ma'adinan kuzar Nijeriya, kuma mutane da yawa sun mutu a can ba tare da sun taɓa ganin bindiga ba. Masifa ɗaya ce ta samu gida biyu. A ɗayan an rubuta sunan kowane mamaci a bango, a ɗayan ko adadinsu sai an tona fayil.

Yanzu ga sojan kansa. Tun 1863 Turawa suka riƙa kiran dakarunsu na wannan yanki Hausawa, kuma Hausa ce ta kasance harshen fareti da na bariki a Rundunar Nijeriya. Sai dai a yi hattara a nan, domin da yawa daga waɗanda aka rubuta Hausawa Dakarkari ne ko Tibi ko Zabarmawa ko Barebari ko mutanen kudancin Cadi da suka tsallako, waɗanda a bariki suka koyi harshen. Wannan bai rage wa tarihin daraja a wurinmu ba, ya ma ƙara masa, tunda yana nuna ɗaya daga manyan hanyoyin da Hausa ta bi ta zama harshen gama-gari. Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya fahimci haka da ya rubuta ƙagaggen labarinsa Burma Boy a 2007.

A 1941 birged ɗin Nijeriya ta 23 ta kutsa daga Mogadishu zuwa Harar a yaƙin Habasha. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Indiya, daga nan Bama. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, birged ɗinta ta 3, mai bataliyoyin Nijeriya ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa ta da dakarun da ake kira Chindit, masu kutsawa bayan layin Japan. Ta 82 ta bi yankin Arakan, rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Tambarin ta 81 gizo ne. Tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye a kan gammo.

Wannan gammo ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne gaskiyar yaƙin da ba a cika faɗa ba. Dalilin da ya sa hafsoshin Ingila suka ga amfanin 'yan Afirka ta yamma a Bama shi ne suna iya tafiya inda mota ba ta shiga, har inda alfadari ke gazawa. Kowace birged tana da rukunin 'yan dako, sojoji ne masu lamba da albashi, amma aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, su yi sara da adda, su share filin da jirgi zai jefo kaya, su ɗauko masu rauni. Galibinsu adda ce makaminsu. John Hamilton, wanda ya yi aiki a Runduna ta 81, ya rubuta War Bush a 2001 musamman saboda takaicin yadda tarihin hukuma ya tsallake waɗannan mutane. Wanda ya san yadda wuyan ɗan dako ke yi bayan wuni guda a kasuwar Kurmi zai iya kwatanta watanni na hawa da gangara cikin damina, ga zazzaɓi, ga atuni, ga abokin gaba a ɓoye. Da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya kai wa dakarun ziyara a can, hukuma ta ɗauki hotuna ta adana. Abin da kurtu ya faɗa wa ɗan'uwansa da dare bayan tafiyar sarki, wannan ba aikin hukuma ba ne, kuma babu wanda ya mai da shi nasa aikin.

A nan Ostireliya ta bambanta. Charles Bean, ɗan jaridar da ya bi sojojin ƙasar zuwa Gallipoli a 1915, ya yanke shawarar cewa tarihin yaƙi na ƙaramin soja ne kafin ya zama na janar. Tun suna cikin ramuka ya tattara rubuce-rubucensu da zane-zanensu da barkwancinsu, aka buga a 1916 da sunan The Anzac Book. Ya jagoranci tarihin hukuma mai juzu'i 12, ya kuma tsaya kai da fata har aka buɗe gidan tunawa da yaƙi a Kanbera a 1941. Laburaren Mitchell da ke Sidni ya yi shela yana sayen littattafan da sojoji suka riƙa rubuta abin da ya same su kullum. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 5 ba ta rasa kusan 60,000 a Yaƙin Duniya na Farko, ta kuma mayar da wannan rashi ginshiƙin sanin kanta. Shi ya sa ɗan Ostireliya na yau zai iya gaya maka irin biskit ɗin da ake dangantawa da sojan, da cacar kwabo biyu da doka ke ɗaga wa ƙafa ranar 25 ga Afrilu, ranar tunawa da sojojinsu, da yadda aka yi rabon shayi da sukari da tufafi da kati a 1942.

Mu kuwa me muka gada? Barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas. Yara na tasowa a cikinsu, direbobi na kiran sunayensu a tasha, ba tare da yawancinsu sun san cewa kusan duka ƙauyuka da koguna da yankuna ne na Bama ba. Gabon ta ɗan fi mu, domin tana da mutum guda mai suna da fuska: Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Libreville a 1896, wanda Jamusawa suka harbe a Airaines ranar 7 ga Yunin 1940 bayan ya ƙi yarda a ware shi daga hafsoshi farar fata. Yana da mutum-mutumi a birnin, makarantar soja ta Saint-Louis a Sanagal ma sunansa take ɗauke da shi. Amma shi hafsa ne mai takardar zama ɗan Faransa. Mai tatsar roba a dajin Woleu-Ntem bai samu ko allo ba.

Akwai mai cewa: yaƙin ba namu ba ne, na Turawa ne, don me za mu raya shi? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ainihin abin da ya hana ƙasashenmu bayan samun 'yanci su rungumi tsohon soja. Ostireliya ta ga haihuwar ƙasarta a Gallipoli. Nijeriya da Nijar da Gabon kuwa sun ga kakin mai mulkinsu, wanda aka sha amfani da shi wajen karɓar haraji da murƙushe bore. Faransa ta ƙara dagula lamarin da kisan sojojinta 'yan Afirka a Thiaroye ranar 1 ga Disamban 1944, da kuma dokar 1959 da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka na shekaru da dama. Amsata ita ce, dalilin yaƙin na wasu ne, amma jikin da ya ɗauki kayan namu ne, gonar da ta kwana ba noma tamu ce, haka matar da ta jira shekara uku. Ƙin rubuta wannan bai rage wa Ingila ko Faransa komai ba.

Ba kuma ina kiran a kwaikwayi Ostireliya ido rufe ba. Tatsuniyar sojan Ostireliya, wato Anzac, ta daɗe tana rufe 'yan asalin ƙasar da suka yi yaƙi suka dawo aka hana su abin da aka ba abokansu farare. A hanyar Kokoda a 1942, 'yan dakon Papua ne suka ɗauki kaya da masu rauni, aikin gammo sak, aka yi musu kirari a waƙa, amma lambar tunawa ta hukuma sai a 2009 ta fito, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Abin ɗauka daga Bean dabararsa ce, ta tattara ƙananan shaidu tun ba su ɓace ba. Bautar kaki a bar musu.

Shaidun kuwa ba su ƙare ba tukuna. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai labarin yaƙin cikin Hausa har hannun sojoji, su ma suna rubuto mata. Sa'adu Zungur ya yi waƙar Maraba da Soja. Fayilolin lardi suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. A gidaje kuma, daga Tudun Wada ta Zariya har zangon Oyem da lungunan Derrière la Prison, akwai littafin sallama na soja ko katin fansho na Faransa a ƙasan adaka, da tsofaffin da suka tashi a gaban waɗanda suka dawo. Sai dai mai bincike ya tuna cewa Gaskiya jaridar hukuma ce, wasiƙar soja kuma sai ta bi ta hannun mai tacewa kafin ta bar sansani. Abin da aka buga zai ba shi ranaku da sunayen wurare da yabon Sarkin Ingila. Batun bulala, da bambancin albashi tsakanin baƙi da fari, da wanda ya dawo ya tarar an raba gadonsa, wannan sai ya je ya zauna da 'ya'yan mutumin, musamman mata, ya yi tambaya da ladabi, ya kuma rubuta da sunan kurtun da lambarsa in iyalin sun yarda.