Zangon Ƙarshe na Deadwood: Ranar da Mai Dukiya Ya Rinjayi Kaboyi

Masu kallon finafinan kaboyi sun saba da ƙarshe iri ɗaya. Jarumi ya harbe azzalumi, ya hau dokinsa, gari ya samu lafiya. Wasan talabijin mai suna Deadwood, wanda David Milch ya tsara wa tashar HBO ta Amurka daga 2004 zuwa 2006, ya ƙi bin wannan hanya, kuma ƙin da ya yi ya kusantar da shi ga abin da tarihi ya adana.

Deadwood gari ne na gaske a duwatsun Black Hills. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar wa ƙabilar Lakota mallakar wannan ƙasa. Amma da ayarin sojan Custer ya ba da labarin zinariya a 1874, sai mahaƙa suka kwararo, suka kafa garin a 1876 ba da izinin masu ƙasa ba. Zango biyu na farko sun nuna yadda ƴan ci-rani, da masu gidajen giya, da ƴan caca suka fara ƙulla doka a inda babu hukuma.

Zango na uku, mai kashi 12, ya ta'allaƙa ne kan George Hearst, attajirin da ya sayi mahaƙar Homestake tare da abokan kasuwancinsa a 1877. A cikin wasan, Hearst ya yi hayar ƴan bindiga, ya sa sojoji suka jefa ƙuri'a don kayar da Seth Bullock mai riƙe da doka, ya tilasta wa wata bazawara ta sayar masa da raminta. Mutanen gari suka yi ta shirin fito-na-fito, amma faɗan bai auku ba. Don a kwantar da fushinsa, Al Swearengen ya yanka wata mace da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Hearst ya fice daga gari lami lafiya, aka bar Swearengen a durƙushe yana goge jini.

Masu kallo da yawa sun ji takaici, musamman da yake tashar ta dakatar da wasan ba tare da an rubuta masa rufewa ba, sai a 2019 aka yi fim guda don cike giɓin. Ya kamata kuma a sani cewa bazawarar da kashe-kashen da aka jingina wa Hearst ƙagen marubuta ne. Sai dai nasararsa ba ƙage ba ce. Ya zama sanata mai wakiltar Kalifoniya, ya rasu a kan kujerarsa a 1891. Homestake ta ci gaba da aiki har 2002, ta fitar da zinariya fiye da tan 1,000. Dukiyar gidan ce ta ba ɗansa William Randolph Hearst damar kafa daular jaridu.

Su kuwa Lakota, a 1980 Kotun Ƙoli ta Amurka ta amince an ƙwace musu ƙasa, ta tabbatar musu da diyyar fiye da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, domin a wurinsu duwatsun ba na sayarwa ba ne. Tsoffin finafinan kaboyi sun koya wa duniya cewa mai saurin zaro bindiga ne ya ci yammacin Amurka. Deadwood ya nuna cewa kamfani ne ya ci, da takardar mallaka a hannunsa.