'Yan Sa-kai A Ƙofar Kano: Waiwaye Kan Zuwan 'Yan Mishan Ƙasar Hausa

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa buɗe ƙamus na Bargery, ko ya ci karo da sunan Robinson ko Miller a darasin tarihin rubutun boko, ya san cewa 'yan mishan suna da babban rabo a cikin nazarin wannan harshe namu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa a aji ba shi ne yadda aka yi mutanen nan suka zo, da abin da suka zo nema, da kuma yawan waɗanda ƙasa ta rufe wa ido tun kafin su hango ganuwar Kano. A wannan maƙala za mu bi sawun ayari uku na 'yan sa-kai da suka baro ƙasashensu tsakanin 1890 da 1900 da nufin yaɗa addinin Kirista a ƙasar Hausa, mu ga abin da tafiyar ta haifar.

A ƙarshen ƙarni na goma sha tara wata irin guguwa ta taso a tsakanin matasan Ingila da Amurka da Kanada, musamman ɗaliban jami'o'i. Aka riƙa yin tarurrukan wa'azi inda saurayi zai miƙe ya ɗauki alkawarin barin gida ya tafi wata ƙasa mai nisa, da burin a isar da bishara ga duniya baki ɗaya kafin zamaninsu ya shuɗe. A 1885 wasu samari bakwai da aka yi wa laƙabi da sunan Jami'ar Cambridge suka tafi ƙasar Sin, labarinsu ya game ko'ina. A shekarar ce kuma mayaƙan Mahadi suka kashe Janar Gordon a Hartum, hankalin Turawa ya koma kan "Sudan". Ya kamata mai karatu ya lura cewa Sudan a bakinsu ba ƙasar da muka sani yau kaɗai ba ce. Suna nufin duk shimfiɗar ƙasar baƙar fata da ke kudu da Sahara, tun daga Kogin Nilu har zuwa Senegal. A tsakiyar wannan shimfiɗa kuwa ga ƙasar Hausa, wadda suka ji labarinta a littattafan Barth da Clapperton: manyan birane masu ganuwa, da kasuwanni, da jama'a masu karatu da rubutu, da harshe guda wanda fatake suka kai har bakin Bahar Rum.

A nan ne suka gina wani zato wanda ya ja su zuwa wahala. Sun ɗauka cewa Musuluncin Bahaushe na fatar baki ne, Fulani ne suka ɗora masa shi da kaifin takobi a zamanin jihadi, saboda haka da zarar an yi masa magana da harshensa zai juya. Da sun san cewa Musulunci ya shigo Kano tun zamanin Sarki Yaji, ƙarnoni kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da wataƙila sun sake lissafi. To amma rashin sani ya fi dare duhu.

Ayari na farko shi ne na Graham Wilmot Brooke, wani saurayi ɗan masu hali wanda ya sha gwada shiga Sudan ta Aljeriya da Senegal da Kongo bai dace ba. Daga bisani ya haɗa kai da ƙungiyar C.M.S., shi da John Alfred Robinson suka sauka Lakwaja a 1890. Dabararsu abar lura ce. Suka ajiye kwat da wando suka sa riga da rawani, suka zauna a irin gidajen mutanen gari, suka duƙufa kan koyon Hausa daga bakin fatake. Har ma sun shelanta cewa ba su neman kariyar gwamnatin Ingila, duk hukuncin da sarakunan Musulmi suka yanke wa wanda ya bi su, su ma ya hau kansu. Ko maƙiyinsu ba zai ce ba su da ƙarfin hali ba.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata mu tsallake ba. A bakin Kogin Kwara sun tarar da ma'aikatan mishan baƙar fata, yawancinsu mutanen Saliyo, a ƙarƙashin Bishop Samuel Ajayi Crowther, dattijon da ya shafe fiye da shekara talatin yana wannan aiki. Samarin nan da suka zo jiya-jiya suka dube su suka ce ba su cika tsarki ba. A wani zama da aka yi a Anacha cikin watan Agusta 1890 aka dakatar da wasu daga cikin limaman Crowther a gaban idonsa, aka ci masa fuska yadda bai taɓa gani ba. Tsohon ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891, aka kuma daɗe ƙwarai kafin C.M.S. ta sake yarda baƙar fata ya riƙe irin wannan muƙami da cikakken iko. A ganinmu wannan shi ne babban tabon tafiyar: mutumin da zai iya sa rigar Bahaushe don ya jawo shi, ya kasa ganin girman ɗan'uwansa Kirista saboda fatarsa. Su kansu samarin ba su yi nisan kwana ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a watan Maris 1892 yana ɗan shekara 27. Babu ɗayansu da ya taka Kano.

Ayari na biyu ya fi na farko ban tausayi, domin su ba su da wata ƙungiya a bayansu. Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, duk samari 'yan shekara ashirin da 'yan kai, sun nemi ƙungiyoyin mishan su ɗauki nauyinsu aka ƙi, suka tattara 'yan kuɗinsu suka sauka Legas a watan Disamba 1893. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nausa arewa. Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, a 1894, Kent kuma ya rasu a Bida cikin shekarar. A lokacin ba a ma tabbatar cewa sauro ne ke kawo zazzaɓin ba, sai a 1897. Bingham ya koma gida shi kaɗai, ya sake dawowa a 1900 ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 ƙungiyarsa, wadda aka sani daga baya da S.I.M., ta sami wurin zama a Patigi, a ƙasar Nufe.

Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye an yi wata wadda ba ta wa'azi ba ce kai tsaye, amma ita ta fi amfanar mu ɗaliban harshe. Don tunawa da John Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ta tura ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya koyo harshen. Ya fara da Turabulus da Tunis, sa'an nan ya biyo ta Kwara da Binuwai ya shiga Kano a watan Disamba 1894, ana cikin ƙurar Yaƙin Basasa, ya yi kimanin wata uku. Ya koma da rubuce-rubucen ajami, ya buga wasu a 1896, ya fitar da littafin nahawu a 1897, ƙamus kuma a 1899 da 1900. Ya kuma koyar da Hausa a Cambridge.

Ayari na uku shi ne wanda ya isa ƙofar da kowa ke hanƙoro. Bishop Herbert Tugwell ne ya jagorance shi, tare da Richardson da Dudley Ryder da Burgin da wani matashin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Wasu daga cikinsu sun fara zama a Turabulus suna koyon Hausa a wurin mahajjata da fatake, gudun kada zazzaɓin Kwara ya cinye su tun ba su iya gaisuwa ba. Sun tashi daga Legas a farkon 1900, wato daidai lokacin da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali Kano da Sakkwato ba su san da wannan zance ba. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu, ko da yake ana iya cewa yana da nasa lissafin, ganin yadda Sarkin Sudan na Kwantagora ya matsa wa ƙasarsa. Daga nan suka wuce Kano a watan Afrilu, ba tare da an gayyace su ba.

Sarki Alu, wato Aliyu Babba, bai ɓoye musu komai ba. Suka ce sun zo su buɗe makaranta da wurin shan magani, ya nuna musu cewa Kano ba ta rasa malamai ba, Alƙur'ani kuma ya ishe ta, in kuma zama suke so to izinin wannan yana hannun Sarkin Musulmi. Ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Marubutan mishan na lokacin sun zana shi a matsayin azzalumi mai girman kai. Mu kuwa da muke duban abin daga nesa, da wuya mu ga laifinsa. Sarki ne da ya hau gado da yaƙi, yana jin labarin abin da Turawan kamfani suka yi wa Bida da Ilori a 1897, ga kuma waɗansu Turawan sun shigo masa gari da dogon ayarin 'yan alaro. Ta yaya zai bambanta mai littafi da mai bindiga? Bai taɓa lafiyarsu ba, ya dai nuna musu hanya. Shekara uku ba ta cika ba mai bindigar ya iso, Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903.

Ayarin ya ja da baya zuwa Girku, garin da Gowans ya rasu, nan kuma Ryder ya cika, aka mayar da Richardson gida ba lafiya. Lugga ya fusata da wannan kasada, ya sa suka koma Loko a bakin Binuwai. Wani abin mamaki shi ne, cin ƙasar da Turawa suka yi bai buɗe wa 'yan mishan ƙofa ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, magadansa kuma suka riƙe wannan alkawari gam, domin mulkinsu a kan sarakunan ya dogara. Miller kaɗai ya sami shiga birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Waɗanda suka bi shi ba su da yawa. Mafi shahara su ne zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano tun ƙarni na goma sha tara, waɗanda suka neme shi da kansu a 1913. A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Harshen da suka sha wuyar koyo domin Kanawa kuwa, wasu ya je ya yi wa aiki. Da aka hana su biranen sarakuna, sai 'yan mishan suka karkata zuwa duwatsun Filato da kudancin Zazzau da ƙasar Adamawa, inda kowane tudu da nasa harshe. Maimakon su koyi harsuna barkatai, suka riƙe Hausa a coci da makaranta. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya yi shekaru yana jagorancin fassararsa, ya fito a 1932, mafi yawan masu karanta shi kuma ba Hausawa ba ne. Haka nan biyu daga cikin waɗanda C.M.S. ta kawo a farkon ƙarnin sun bar aikin wa'azi sun koma na gwamnati: Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909 ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun boko a 1912, da G.P. Bargery mai ƙamus na 1934. A bayan kowane ɗayansu akwai malamai da fatake da mahajjata Hausawa da suka zauna da su suna maimaita musu kalma ɗaya sau goma, waɗanda galibi ba a ko rubuta sunayensu a bangon littattafan ba.

Miller bai yi zamansa na ƙarshe a Ingila ba. Ya ƙare rayuwarsa a Bukuru, ya rasu a 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.