Amanar Lise Ɗan Kasawa

Ɗan'uwa, in ka bi ta ƙofar lise teknik Ɗan Kasawa, ka tuna sunan Sarkin Katsina ne da ya kafa sarauta nan Maraɗi bayan jihadi. Amma tushen tsarin shugabancin makarantar daga Faransa yake, dokar Napoliyon ta 1802. Furobizar shi ne uban gida. Sansar ke tsara lokutan darasi, yana bin aikin malamai. Surbeyan ke riƙe da tarbiyya, ekonom kuma kuɗi da kayan aiki. Ba kowa ake ɗauka ba, sai wanda ya ci BEPC da sakamako mai kyau. To, yaron Tibiri ko Jiratawa da ya samu shiga, amana ne a hannun mutanen nan huɗu. Ɗaya ya yi sakaci, wahalar iyaye ta tashi a banza.